Ramin da Delmar Yake Bari

Ardis Tollefson ba 'yar kiwo ba ce tun asali. Mahaifinta mai gidan burodi ne a wani ɗan gari na gabashin jihar Montana ta Amurka, garin da in ka yi atishawa a mota sai ka wuce shi, amma hakan bai hana mijinta Delmar kiranta 'yar birni ba. Ta tsufa a gonarsa tana karɓar haihuwar shanu cikin ƙanƙara, tana ɗaure shinge, tana tuƙa tarakta, duk da haka 'yar birni ce.

Abu na farko da ya koya mata, tun ba ta san inda tukwane suke ba, shi ne ɗura libarbarsa, ƙaramar bindigarsa ta hannu. Tsohuwar ƙira ce mai ramukan harsashi shida, kuma kowa a nan ya san halinta: in akwai harsashi a ƙarƙashin 'yar gudumar da ke dukansa, faɗuwa kawai bindigar za ta yi ta tashi, ba sai an taɓa kunama ba. Don haka biyar ake sawa. A sa ɗaya, a tsallake ɗaya, a sa huɗu, a kwantar da guduma a kan ramin da babu komai. Wanda ya cika shida, mu nan sakarai muke ce masa. Kullum da safe Delmar yakan kara ta a kunne ya ja gudumar a hankali, ta yi ƙas sau huɗu, sannan ya soka ta a kube ya fita zagayen shanu. Yakan ce mata biyu ne ya san muryarsu ko a cikin barci, matarsa da bindigarsa, kuma ɗayar ta fi ɗayar surutu.

Ciwon mantuwa ya shigo masa sannu a hankali. Ya manta sunan kare, ya manta an sayar da rabin shanun, wata rana ya zuba gishiri a kofi ya shanye bai ji bambanci ba. Duk wannan Ardis ta iya da shi. Ranar da ta duba bindigar ta ga harsashi shida, sai ta zauna a bakin gado. Ta cire ɗaya. Washegari ta sake ganin shida. Ta ɓoye harsasai, ya tono wasu a aljihun tsohon kwat, don gidan makiyayi ba ya rasa harsashi a lungu. Da ta ɓoye bindigar kanta, da silifas ya fita nemanta cikin ƙanƙara, sai a bakin titi wani maƙwabci ya tsince shi, leɓɓansa sun yi shuɗi. Dole ta mayar masa.

Abin da take gudu ya faru a kan idon 'yarsu Lorna, wadda ta zo daga birnin Billings duba su. Delmar yana saukowa daga a-kori-kura, bindigar ta sulluɓe ta bugi dutse. Harsashin ya huda ƙofar rumbu, tazararsa da kafaɗar Lorna ba ta kai kamu ɗaya ba.

Lorna ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta ce akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ita, ta ma riga ta yi magana da su. Ardis ta roƙi 'yar cikinta irin roƙon da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta ce mutumin da a gidan nan aka haife shi, in aka kai shi ɗaki mai taga ɗaya, ai gara a ce an binne shi.

"Mama, ni ya kusa binnewa," in ji Lorna.

Wendell mai shagon bindigogi a gari ne ya ba ta mafita. Ya ce kamfanin da ya ƙera irin waɗannan tsofaffin yana karɓarsu ya sauya musu kayan ciki, ya sa wani ɗan ƙarfe wanda in ba an ja kunama ba, guduma ba za ta kai ga harsashi ba, ko daga kan rufi aka jeho ta. Ya ce masu tara tsofaffin bindigogi tsine wa wannan gyara za su yi in sun ji, don a wurinsu ɓata ta ne, su da ba su taɓa fita da ita ko bakin ƙofa ba. Amma tsofaffin ƙarafan a 'yar jaka ake dawo da su. Lorna ta yarda da ƙyar: in an gyara, kuma Delmar ya natsu, ya zauna a gida.

Makonnin da bindigar ta yi a kamfani sun ci Ardis. Kullum da safe sai ta gaya masa an kai ta wanki, kullum sai ya ji kamar yau ya fara ji. Ya zazzage akwatuna, ya tone ciyawar rumbu, ya ce Wendell ɓarawo ne tun suna makaranta. Ta rataya ƙararrawar saniya a ƙofa don ta ji fitarsa. Ko wanka a guje take yi. Ta rame har zobenta yana zamewa, kuma ba wanda za ta kai wa kuka, don duk wanda ta gaya wa, maganar Lorna zai maimaita mata.

Ranar da kwalin bindigar ya iso, Lorna tana nan. Ardis ta sa 'yar jakar ƙarafan a aljihu, ta ajiye masa bindigar a tebur, an goge ta tana ƙyalli. Fuskarsa ta washe. Ya ɗauka, ya kara a kunne, ya ja gudumar. Sau biyu ta yi ƙas, shi ma ba irin na da ba. Ya sake ja. Ya ajiye ta a hankali, ya ce ba tasa ba ce.

Ta nuna masa tabon da wayar shinge ta yi wa mariƙin, ta nuna masa inda tafin hannunsa ya cinye katakon. Ya dube ta da ladabin da yake yi wa baƙi.

"Baiwar Allah, na san kin yi ƙoƙari. Amma da matata tana nan, da ta gaya miki. Ta san muryarta."

Ya ɗauki hularsa, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Ardis ta bi shi da kwat a hannu, tana jin Lorna a bayanta ta fara magana da gidan tsofaffin a waya, kuma a wannan karon ba ta da abin da za ta roƙa da shi.

Ran tafiya ta zauna kusa da shi a bayan motar Lorna. Hannunsa na dama sai lalube yake a ƙugu, inda kuben yake zama. Ta kasa jure kallo, ta buɗe jakar, ta ciro tsohuwar gudumar ta danƙa masa. Babban yatsansa ya hau kanta, daidai inda ya lashe ta da shekaru. Ya daɗe yana murzawa, sannan ya juyo.

"'Yar birni, biyar kika sa?"

"Biyar na sa, tsoho."

"Madalla. To mu koma gida, shanu na jira."

Lorna ta dubi mahaifiyarta ta madubi, idanunta sun cika. Motar ta hau kwalta ta miƙi hanyar Billings.