Na Je Bunkure Ɗauko Yaya, Na Dawo Babu Shi

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ko karyawa ba mu yi ba. Daga Kumbotso muka fito, ni da wani abokina malamin asibiti da na roƙa ya raka ni. Dalilin tafiyar saƙo ne da wani direban motar tumatir ya kawo mini shagona na ɗinki: wai yayana Habu, wanda yake zaune a wani ƙauye ta wajen Bunkure, kunnensa ya toshe, yatsunsa kuma sun fara sagewa. Ƙauyen babu sabis, balle in kira in ji daga bakinsa. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko shi in kawo shi birni a duba shi.

A titin Zariya muka samu bas. Abokina ya miƙa wa kwandasta sabuwar takardar dubu ɗaya ɗin nan, kwandasta ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama, ya ce shi kam bai taɓa gaisawa da ita ba, a ba shi kuɗin da ya sani. Dariyar da na yi a nan ita ce kusan ta ƙarshe a ranar.

Da muka wuce gadar Tamburawa gari ya waye sosai. Daga Karfi zuwa Kura, hagu da dama kore ne shar: albasa, alkama, masara, tumatir. Bakin titi kuwa kwanduna ne jere, ja wur, masu su na zaune a kai sun zuba tagumi. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni nawa kwando yake. Ya ce jiya ɗari uku aka saya, yau kuma sai abin da ɗan kudu mai saye ya ga dama. Kwandon da babu komai a ciki ma, in ji shi, ya kusa kamo kuɗin mai tumatir.

A Kura muka sauka muka sha koko da ƙosai na naira arba'in, kokon ya ji kayan yaji. Daga nan muka hau acaɓa biyu muka bi hanyar bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Wanda bai san wurin ba zai ce Aljannar duniya ce. Ruwa na tafiya a hankali, mata na wanki, balbelu na bin masu huɗa. Amma wani wari yana bin iska, mai kama da kalanzir da aka haɗa da tafarnuwa. Ko'ina ka duba akwai mutum goye da injin feshi, ga robobin magani a yashe a bakin ruwa. Abokina ya ja hularsa ya toshe hanci.

Ba mu samu Yaya a gida ba. Matarsa ta ce tun da sassafe ya fita feshi a lambun wani Alhaji. Shekara goma sha wani abu ke nan sana'arsa: gonarsa ba ta kai ta riƙe gida ba, saboda haka yake yi wa mutane feshi a biya shi. Ta rage murya ta ce ya bar kiran sallah a masallacin unguwa, shi da yake ladani tun yana saurayi. Wai idan ya ɗaga murya ji yake kamar ya sa kansa cikin randa, ba ya sanin ko ya yi daidai.

Mun same shi a tsakiyar tumatir, ba takalmi, ba komai a fuska. Na yi sallama sau uku daga bayansa bai waiwayo ba. Sai da na zagaya ta dama ya gan ni, ya washe baki.

"Tela! Kai ne a gaba? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Yaya. Kai na zo gani."

Na miƙa masa hannu biyu. Ya kama, amma riƙon ba irin nasa ba ne. Mutumin da in ya damƙe hannunka sai ka yi ƙara, yau kamar an ɗora mini tsumma. Muna tsaye sai bakin injin feshinsa ya toshe, ya cire ya sa a baki ya hure, ya tofar. Abokina ya dube ni, na dubi ƙasa.

A gindin wata bishiyar mangwaro Yaya ya ba mu labari. Hancinsa ya fi shekara biyu bai bushe ba, rani da damina. Kunnen hagu ya fara da ƙara kamar ana taka busasshen kara, daga baya ya toshe ɗif. An ɗiga masa man zafi, an ɗiga ruwan albasa, mai kemis ya ba shi na kwalba, duk a banza. Yatsun kuwa, yam-yam suke yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki, wani lokaci kamar ana tsira masa allura. Carbi yana zamewa daga hannunsa bai sani ba. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce ya taka wani abu a bakin ruwa.

Da ƙyar ya yarda ya ajiye injin, wai tankin da ya haɗa zai lalace. Muka sake hawa acaɓa zuwa wani ƙaramin asibiti da abokina ya san likitan wurin. Layin ya kai bakin ƙofa, yawanci mata da jarirai. Sai wajen azahar muka shiga.

Likitan matashi ne, mutumin Filato, Hausarsa tas. Ya leƙa kunnen da 'yar fitilarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya matsa ta daman Yaya ya yi magana da ƙarfi.

"Baba, dodon kunnenka bai fashe ba, lotsawa ya yi ciki. Akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne, ita ke kai iska bayan dodon. Idan mura ta daɗe, ko hanci ya riƙa kumbura saboda hayaƙi ko wani abin da mutum ke shaƙa, sai hanyar ta toshe, iskar ciki ta ƙare, dodon ya shige. Shi ya sa duk abin da aka ɗiga ta waje bai yi amfani ba. Ta hanci ciwon ya shigo."

"Zai dawo?" in ji Yaya.

Likita ya kashe fitilar. Ya ce na dama bai yi nisa ba, ana sa ran zai saki. Na hagu kuwa ya daɗe, da alama ya manne, sai likitan kunne a birni ya gani.

Ya koma kan yatsun. Ya sa aka gwada suga, aka ce lafiya. Ya murɗa wuyan Yaya, ya ƙwanƙwasa wuyan hannunsa, ya shafa masa auduga a yatsu ido a rufe. Sau biyar ya shafa, sau ɗaya Yaya ya ce ya ji. Da aka zo tafin ƙafa ma haka. Likita ya ce abubuwa da yawa na kawo wannan: ciwon suga, ƙarancin wasu sinadaran abinci a jiki, ko jijiya ta matsu a wuya ko a wuyan hannu saboda maimaita aiki ɗaya, irin bugun hannun injin nan daga safe zuwa yamma. Amma tun da hannu biyu ne har da ƙafa, shi maganin feshin ya fi zargi, wanda ke ratsa fata yana cin jijiyoyi a hankali. Ba zai rantse ba sai an yi gwaji, amma shawararsa ɗaya ce, a ajiye injin daga yau.

Yaya ya yi murmushi, irin wanda babba ke yi wa yaro.

"Likita, Allah ya yi maka albarka. To in na ajiye, mutum tara da ke gidana su ci me?"

Likita ya ɗauki biro. Ya rubuta maganin hanci da na ƙarin jini, da takardar zuwa babban asibiti, ya miƙo mini.

Da muka koma gida matar Yaya ta kawo dafa-duka, shinkafar Kura da manja da busasshen kifi, tana tururi. Ni da abokina muna fifita tamu, Yaya ya zura hannu tsakiyar kwano ya ɗebo. Ba don na ga yatsun sun yi ja ba, da ban san sun ƙone ba, shi ma bai sani ba. Ni tela ne, da kan yatsa nake ci. Na cire hannuna daga kwanon.

Na ce masa ya shirya mu tafi, ɗaki yana nan, asibiti kuma ni zan tsaya. Ya ce tsutsa ta shigo tumatir, lambu shida ke jiran sa, in ya tafi yanzu masu lambu za su ɗauki wani, kuma ba za su sake neman sa ba. Na ce to ya riƙa sa safar hannu da takalmin roba. Ya ce ya taɓa gwadawa, da rana ta take sai ka ji kamar ana dafa ka. Abokina ya yi magana, matarsa ta yi, har da hawaye. Ya saurare mu duka da kunnen dama, sannan ya ce, "Tela, ka bari a tashi lambu. In Allah ya kai mu, da ƙafata zan zo."

Wata biyu ke nan nan gaba. Na tambayi abokina a gefe ko wata biyu za su yi wani abu. Ya ce jijiya ba ta jiran a tashi lambu.

Bayan la'asar muka yi sallama. Ya cika mini buhu da tumatir da albasa, ya ce in kai wa yara. Ya so ya ɗaure bakin buhun da kansa, igiyar ta ƙi zama a yatsunsa, sai matarsa ta karɓa ta ɗaure ba tare da ta dube shi ba. Ba mu yi nisa a bakin kanal ba na waiwaya. Yana can ya goya injin, yana tafiya lambun Alhaji ya ƙarasa tankin safe.

Muka hau bas muka kamo hanyar gida. Ana kiran magariba muka shigo Kumbotso. Maiɗakina ta buɗe buhu tana yaba kyan tumatirin, ko tabon tsutsa babu. Ta tambaye ni ina Yaya. Na ce yana gaishe ku.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Da na ɗauka rashin sani ne ke kashe mutanenmu, cewa da zarar likita ya faɗi abin da ya kawo ciwo an gama. Yanzu Yaya ya san abin da ya lotsa masa kunne, ya san abin da ke cin yatsunsa, ya fi ni fahimtar bayanin ma. Gobe kuma da sassafe zai haɗa wani tankin. Takardar babban asibitin tana cikin aljihun rigata har yanzu, ban san wa zan kai wa ba.