Goyon Tukunya Daga Sérou

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Parakou, ni da wani abokina, kowa a kan babur ɗinsa. Niyyarmu mu zaga ƙasar Djougou, mu gaishe da dangi ƙauye ƙauye. Wadda na fi ɗokin gani ita ce Iya, yayar mahaifiyata, da ke aure a Sérou tun ban zo duniya ba. Tsufa ya kama su duka biyu, ita da Hajiyarmu, wato mahaifiyata. An daɗe rabonsu da juna, kuma yanzu babu mai iya zaman mota a cikinsu.

Kafin tafiyar, ba abin da ya ci mini lokaci kamar zaɓen abin zuba kaya. Na duba jakar baya, aka ce kafin azahar za ta kashe mini kafaɗu. Na duba jakunkunan tamfol masu rataya gefe da gefe, na ga zan zama kamar mai tallan magani. Ƙarshe dai na sayi akwatuna biyu na roba mai tauri, masu makulli, mai walda ya kafa mini su a jikin babur. Abokina kuwa buhun shinkafa ya wanke, ya zuba kayansa, ya tamke da igiyar roba. Duk inda muka tsaya sai ya ƙwanƙwasa akwatina ya ce, "Salamu alaikum, masu banki sun buɗe?"

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne saƙo. A unguwarmu ba a tafiya a ɓoye, kuma ba a cewa babu wuri. Wannan ta kawo atamfa a kai wa 'yarta a Djougou, wancan ya kawo ƙullin goro, mahaucin layinmu ya kawo kilishi a kai wa surukinsa a Kolokondé. Kayana na riƙa fitarwa ina zuba na mutane, har na koma daga ni sai riguna biyu da hula.

Muna wuce Tourou gari ya gama wayewa. Damina ta yi kyau, gonakin doya da masara kore shar, kwalta ba laifi, sai dai manyan motocin da ba su ɗauki mai babur a bakin komai ba. A Bétérou muka sha koko da ƙosai, muka ƙara mai na kwalba, wanda ya ɗan fi na gida tsada. Ba mu yi nisa ba ruwa ya kece. Kayana ko ɗigo bai taɓa ba, buhun abokina kuwa ya sha ya ƙoshi. Ranar na rama duk tsiyar da ya yi mini.

Djougou gari ne da baƙo ba ya kwana da yunwa. Mun ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulani mai jan baya, har abokina ya kwance maɓallin wando. A kasuwa za ka yi gaisuwa da Hausa, a amsa maka da Dendi, a faɗa maka farashi da Faransanci, kuma a rabu ana dariya. A hanyar Kolokondé ne nawa alhakin ya kama ni. Jar ƙasa ce mai gargada, akwatunan suka yi ta kaɗa mini ganga, laka ta toshe makullin guda, sai da muka zuba masa man gyaɗa kafin surukin mahauci ya ga kilishinsa.

Sérou muka bari ta ƙarshe. Na tarar da Iya a gindin kaɗanya, ta rame, idonta ya yi rauni. Sai da ta shafa fuskata ta ce, "Hancin gidanmu ne." Zuciyata ta karye, ban ɓoye ba. Mun kwana biyu tana tambayata mutanen Parakou, da yawansu sun daɗe da rasuwa.

Ranar komawa ta sa aka fito da wata tukunyar ƙasa, baƙa wuluk, mai faɗin ciki. Ta ce ta kakarmu ce, a ciki aka dafa miyar da ta raine su, ita da Hajiya.

"Jikokina sai ƙarfe da roba suka sani," in ji ta. "In na mutu za su ba kaji ruwa a ciki. Kai wa uwarka. Ka kai ta da rai, ka ji ko?"

Na buɗe akwati, bakinsa ya yi mata kaɗan. Na gwada ɗayan, sai ka ce girmansu ba ɗaya ba ne. Abokina ya miƙo buhunsa, amma duk mun san ramin farko zai mai da ita tsingaro. Na tsaya ina zufa. Tukunya ɗaya ce a duniya, kuma in ta fashe a hannuna ban san da wane ido zan kalli tsofaffin nan biyu ba.

Iya ta ce, "Duƙa."

Na duƙa. Ta cusa rigunana a cikin tukunyar, ta naɗe ta da tsumma, ta ɗora mini a baya, ta ja zani ta ɗaure a ƙirjina, ta ƙara da majanyi. Ta ce abin da ake tsoron ya ji ciwo, a baya ake sa shi. Ni da gemuna, ga akwatuna biyu fanko, na hau babur da goyo. Matan gidan har da masu zama a ƙasa don dariya.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowane rami sai na miƙe a kan ƙafafuna, bayana a sanƙare, masu keke suna wuce ni. A wani shinge jandarma ya tsayar da mu, ya leƙa bayana da sauri, ya ce, "Maigida, yaron ba lafiya?" Da ya ga tukunya sai ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani. Abokina, Allah ya saka masa, ya daina tsiya, ya shiga gaba yana nuna mini ramuka da ƙafa har Parakou.

Masu tambayata wace jaka ta fi dacewa da doguwar tafiya, ga abin da na koyo. Akwati yana tsare ruwa, buhu yana karɓar komai, amma duk wanda za ka saya, ka tuna ba kayanka kaɗai za ka ɗauka ba. Ka bar wurin abin da za a ba ka, kuma ka tafi da zani.

Da la'asar muka shigo gida. Hajiya da kanta ta kwance mini goyon, tana warware tsumman a hankali. Nan na hango ɓalli a bakin tukunyar. Na fara rantsuwa ban faɗa rami ko ɗaya ba, na fara ba da haƙuri. Ita kuwa ta sa babban yatsa a wurin tana shafawa.

"Rufe mana baki," ta ce. "Ni na ɓalle shi, ina yarinya. Yaya ce ta ce ita ta yi, ta sha dukan."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba. Ta rungume tukunyar a cinya ta ce in kira mata Sérou. Da aka kai wa Iya wayar, Hajiya ko sallama ba ta yi ba.

"Yaya," ta ce, "ta iso."