Salansar da Ta Watsa Garke

Shekara goma sha biyu na yi ina yi wa shanu allurar rigakafi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, duk a mota ɗaya, wata tsohuwa mai ruwan toka. Ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa yasar da ni a daji ba. Abin da ya fara gazawa a jikinta shi ne salansa.

Da ta ɓule, sai na naɗe wurin da gwangwanin madara, na ɗaure da waya, ina ta yaba wa kaina dabara. Ni mutum ne mai riƙe aljihu, matata ma ta san da haka. Ranar da na shiga wata ruga bayan Sundimina, gwangwanin ya fice daidai bakin garke. Ƙarar kamar an harba bindigar mafarauta. Shanu suka watse cikin daji, sai da aka yini ana tattaro su.

Ardon rugar dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, allurarka alheri ce. Amma motar nan kada ta sake zuwa mana haka."

Hankalina ya tashi. Maganin a cikin ƙanƙara nake ɗaukarsa, ba zai jure tafiyar ƙafa ba. Damina ta kusa, mutanen rugar suna gab da tashi. Kuma in ardo ɗaya ya juya maka baya, ranar kasuwa ɗaya ta isa sauran su ji.

Mai kayan gyara a Birnin Kudu ya ce a sako mini sabuwar salansa daga Kano, kuɗinta zai lashe albashin wata. Akwai ta hannu a rabin haka, amma wa ya san tsatsar da ke cikinta? Matata ta ce in sayar da motar in huta. Na tafi Gwaram raina a ɓace, wurin wani tsohon mai walda da ke gefen kasuwa.

Bai ko dubi fuskata ba. Ya jira motar ta huce, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da sifana. Ya dinga ƙwanƙwasa bututun taƙi-taƙi, daga inji har wutsiya. Na ƙosa, na ce, "Baba, ga ramin nan ana gani, liƙe shi kawai za ka yi."

Ya ce, "Durƙuso ka ji. Nan ƙarfe ne yake amsawa. Nan kuwa tsatsa ce. Walda ba ta kama tsatsa. In na liƙa maka, sati biyu za ka dawo kana zagina." Sai ya tambaye ni ko a cikin garke nake ajiye motar. Na ce e, saboda inuwa. Ya ce to fitsarin shanu ne ya ci wuyan bututun, robar da ke rataye shi kuma ta tsinke tuntuni.

Akwai wata salansa ta hannu rataye a rumfarsa. Na nuna ta, don na riga na sallama. Ya ce, "Ta sayarwa ce, amma ba kai ke bukatarta ba. Tukunyar salansarka lafiya lau."

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya auno guntun bututu daga wani mataccen injin ban ruwa, ya haɗa. Ya yanko robar taya ya rataye. Ya sa na tayar da mota, ya toshe bakin bututun da tsumma, yana bin haɗin da tafin hannu. Ya ji iska a wata 'yar kafa da ni ko gani ban yi ba, ya sake kwanciya. Ina tsaye ina kallonsa, kunya da sha'awa suka kama ni. Ban taɓa ganin mutumin da ya girmama aikinsa haka ba. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin cika tanki ba.

Washegari na koma rugar, na tsaya nesa da garke. Ardo ya zo ya ce in bar motar a kunne. Ya zagaya ta, ya sunkuya ya saurara, ya dubi shanunsa suna ta tuƙa abinsu. Sannan ya sa aka fara kamo su.

Sai da muka gama, ina wanke hannu, ya ce, "Ranar nan maruƙa biyu suka karye, dole muka yanka."

Na ce, "Ardo, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Da na faɗa, kunya za ta hana ka dawowa. Sauran fa, wa zai yi musu allura?"