Wayoyin da Ba a Zo an Karɓa Ba

Shekarun baya, lokacin da zancen farin dutse ya cika bakin samarin Yawuri, ƙanena ya jingine jirginsa na kamun kifi ya tafi haƙa. Ban taɓa rubuta wannan labarin ba. Yanzu da zuciya ta ɗan kwanta, na ga gara in faɗa muku, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu. Ni ina gyaran babur a Yelwa, shi kuma ya gaji mahaifinmu a ruwa. A shekarun nan kifi ya ja baya a tafki. Sai a wuni ana jefa taru a tashi da abin da bai wuce na miya ba, ga shi da mata da ƙaramar yarinya. Ana haka abokansa suka fara dawowa daga wani daji can ƙasar Ngaski da sababbin babura. Suka ce wani dutse ne fari mai ɗan ƙyalli, ana haƙo shi daga rami a zuba a buhu, manyan motoci su kwashe zuwa bakin teku, daga can a kai shi ƙasashen waje a yi batirin waya da shi. Ni dariya ma na yi. Na ce yaushe dutse ya fara riƙe wuta?

Zuwansa gida na farko, ya zo da babbar waya irin ta shafawa. Ya kuma sayo wa Inna ƙarama mai maɓallai, ya saita mata yadda in ta danne maɓalli ɗaya ta riƙe, kiran zai tafi wurinsa kai tsaye. Yana tsokanarta yana cewa, "Inna, ƙila dutsen da na haƙo da hannuna ne ya je yawon duniya ya dawo cikin wagga." Ta ce, "To ba shi ne ya sa take da nauyin kai irin naka ba?" Muka yi ta dariya. Na lura yana ɗan tari, kuma farcensa duk ya farfashe.

Haka aka yi ta tafiya har damina ta kankama. Kullum bayan la'asar Inna za ta zauna a kan tabarma ta danna maɓallinta, ya ɗauka, su gaisa. Sai wata rana bai ɗauka ba. Washegari ma haka.

Abin da ya riƙe mu shi ne wayar tana shiga. Ba a kashe take ba, ba a ce ba a samunsa ba. Za ka ji tana ƙara har ta gaji ta katse. Matarsa ta fara kuka, Inna ta tsawata mata. Ta ce, "Kukan mi kike yi? Shina nan da ransa. In ba shi da rai, wa ke sa wa wayar caji?" Ta juyo ta dube ni, don ni ne ake ganin na san kan waya a gidan. Ni kuwa na gyara zama kamar wani babban masani, na ce gaskiyar Inna ce, babbar waya ba ta wuce kwana biyu ba caji. Na ce ƙila wurin da yake aiki da nisa, ko ya samu dutse ne ya shagala. Har saƙon murya na tura masa ina faɗa, ina ce masa ya ji kunya, ya bar tsohuwa tana zaman jiransa. Saƙon ya nuna alamar ya isa. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, ya ƙara mini fushi.

Makonni suka shuɗe muna haka. Abokan da suka ja shi, wasu sun koma wani dajin, wasu in ka kira sai su ce rabonsu da shi tun kafin ruwa ya sauka. Inna ta daina cin abincin kirki, amma ba ta yarda a yi maganar mutuwa a gidan ba. Wani ƙanen mahaifinmu ya taɓa cewa ko a sa malamai su yi addu'a, ta ce a yi ta neman dawowa, ban da wata. A ƙarshe ita ce ta ce mini, "Tashi ka tai ka jawo mini kunnensa."

Na hau babur da sassafe na bi hanyar Wara, daga baya na saki kwalta na shiga daji ina tambaya. Tun kafin in isa na fara ganin alama. Gonakin gero ne a da, ga kunyoyin nan ba su ɓace ba, amma an fafe su ramuka ko'ina. Ganyen itatuwa ya yi fari fat duk da ana cikin damina. Wani rafi da na tsallaka, ruwansa kamar an dama farar ƙasa, ko kwaɗo ban ji yana kuka a bakinsa ba. Wani Bafulatani da na tambaya hanya ya nuna mini da sanda, ya ce in kula, akwai tsofaffin ramuka da ciyawa ta rufe bakinsu, ya yi asarar saniya a ɗaya.

Sansanin kansa rumfunan leda ne da tamfol. Da rana tsaka na isa, yawancin mutane suna ƙarƙashin ƙasa, wurin shiru sai ƙarar guduma da ke tasowa daga can ciki kamar ana daka a gidan da ba ka gani. Na yi ta nuna hotonsa. A can ba a san mutum da sunan yanka ba, sai da garinsu. In na ce ɗan Yawuri, sai a ce 'yan Yawuri ai da yawa. Amma na lura da wani abu: wasu in suka kalli hoton, ba sa sake kallon fuskata. Wata mai sayar da tuwo ta duba, ta miƙo mini wayata, ta ce, "Allah Shi sa a dace," ta juya ta ci gaba da kwasar tuwonta.

Na gaji, cajina ya kusa ƙarewa. Aka nuna mini rumfar mai caji a kan wani tudu, don nan ne kaɗai ake samun sabis. Wani magidanci ne mai furfura kaɗan a gemu, yana zaune gaban tebur cike da wayoyi, ga faifan sola a jingine a waje. A nan na fahimci yadda suke yi. Ba mai shiga rami da waya, don ba ta da amfani a can, kuma ƙasa tana lalata ta. Kowa da safe zai kawo tasa, a liƙa mata lamba, a ba shi ɗan katako mai irin lambar ya rataya a wuya. In ya fito da yamma ya kawo katakon ya karɓi wayarsa.

Kafin in miƙa tawa, hannuna ya yi abin da ya saba. Na danna lambar ƙanena na kara a kunne.

Sai na ji muryar 'yarsa a cikin rumfar. "Baba, ɗauka! Baba, ɗauka!" Shi ya ɗauki muryarta a tsakar gidanmu ya mai da ita ƙarar kiransa, ina wurin aka yi. Muryar ba daga kan tebur take fitowa ba, daga ƙarƙashinsa ne. Na tsaya da waya a kunne ina jin kira ɗaya ta wuri biyu.

Mai cajin bai yi mamaki ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai wani nasa ne?"

Na ce, "Yayansa ne. Ina yake?"

Ya sunkuya ya ɗaga wani tsohon zane da ya rufe ƙafafun teburin. Akwai wani ɗan allo a ƙasa, an jera wayoyi a kai, ba su da yawa, kowace da lambarta a liƙe, kowace da igiyar caji a jikinta. An goge su tas, ba ƙura ko kaɗan. Ta ƙanena tana ta haske tana kiran Baba.

Ya ce, "Zauna, malam."

Na zauna a kan wani buhun dutse. Ya rage murya ya ce an kwana ana ruwa, da safe suka kawo wayoyinsu kamar kullum. Wajen hantsi aka ji ƙasa ta yi wani nishi, wani babban rami ya rufta. Masu ramin suka ce ba kowa a ciki, ƙasa ce kawai ta zame. Suka kawo motar ture ƙasa aka daidaita wurin.

"Ni ban ga gawa ba," in ji shi. "Ba zan ce maka na gani ba. Abin da na sani, da yamma kowa ya zo ya karɓi tasa. Waɗanga ba a zo ba."

Na ce, "Amma kana ji muna kira. Kullum muna kira. Me ya hana ka ɗauka ka gaya mana?"

Ya ce, "An ja mini kunne, ni ma baƙo ne a nan, da iyali a gida. Kuma in na ɗauka in ce mi? In gaya wa uwar mutum ɗanta ya mutu, alhali ban ga komai ba sai waya? Abin da na iya shi ne kar in bari su mutu. Na ce in suna shiga, wata rana wani zai biyo sawu." Ya yi tari, ya goge baki. "Ta ɗan'uwanka ita ta fi damuna. Yarinyar nan, kullum la'asar."

A lokacin ne na gane cewa abin da ya yi don mu zo, shi ne abin da ya zaunar da mu a gida. Ban gaya masa ba. Ba shi da laifi.

Ya kai ni wurin. Fili ne kawai na jar ƙasa, har ciyawa ta fara tsirowa. Abin da ya fi tsorata ni, an buɗe sababbin ramuka dab da shi, an kewaye shi. Na tambayi dalili. Ya ce a wurin mahaƙa, ramin da ya ci mutum shi ke ba da dutse, don haka kowa yana son kusa da shi. Ina tsaye ina jin guduma a ƙarƙashin ƙafata. Na karanta abin da na iya karantawa.

Muka koma rumfa. Ya zare igiyar ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ba na ba da waya sai da katako. Nasa yana wuyansa. Riƙe."

Tana hannuna ta sake ɗaukar ƙara. Ashe la'asar ta yi. A fuskar wayar an rubuta Inna. Na dubi mai caji, ya kau da kai. Na san tana can kan tabarmarta. Na san in na bari ta katse, zan ba ta ƙarin kwana ɗaya da ɗanta. Na kuma san in na ɗauka, a ɗan lokacin da zai wuce kafin in yi magana, za ta yi farin cikin da ba ta taɓa yi ba. Na ɗauka.

"Alhamdu lillahi!" in ji ta. "Ɗan nan, ina ka shiga? Ka ko san—"

Na ce, "Inna, ni ne."

Ina jin kaji suna kuka a tsakar gidanmu. Can ta ce, "Kai ne." Ba tambaya ba ce. Sai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taho gida. Kar ka yi gudu a hanya."

Mun je wurin manya daga baya, mun yi iya ƙoƙarinmu a tono su. Aka ce ramin da zurfi, ruwa ya cika shi, kuma masu shi sun tsaya a kan ba kowa a ciki. Muka haƙura. Aka yi zaman makoki ba gawa, matarsa ta shiga takaba. Ranar da aka watse, Inna ta ce in kawo mata wayar. Ta ce in nuna mata inda ake kashewa. Na ɗora yatsanta a wurin, ta danne da kanta har hasken ya ɗauke. Ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a ƙasan adakarta. Tana nan har yau.

Ba na ce wa kowa ya yar da wayarsa. Da waya nake rubuta muku wannan, da ita nake samun masu gyara. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, ban san hannu nawa dutsen nan yake bi kafin ya dawo mana cikin kwali mai kyau ba. Na dai ga inda yake farawa. Na ga rafin, na ga gonakin, na taka ƙasar. Tun daga lokacin ban iya sauya waya don an fito da sabuwa ba, sai wadda nake riƙe da ita ta ƙi gyaruwa.

Bayan shekara na koma dajin don in gode wa mai cajin, don ranar ban iya yi masa godiya ba. Na tarar dutse ya ƙare a wurin, an tashi. Ba rumfa ko ɗaya, sai ramuka cike da koren ruwa. Ba wanda ya san inda ya koma, balle sauran wayoyin da na bari a kan allon nan. Su ne nake yawan tunawa, su da mutanen da ke can wani gari suna kira.

Shi ya sa nake roƙonku. In kana da wani da ya tafi haƙa, wayarsa tana shiga ba a ɗauka, kar ka zauna kana lissafin caji kamar yadda na yi. Tashi ka je.

Allah Ya jiƙan ƙanena da waɗanda ke kwance tare da shi.