Abin da Ya Hana Inna Cin Abinci

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta faɗo daga rumbu ne 'yan shekaru kafin mulkin kai. Tsohuwa ce mai kafiya, ba ta yarda wani ya ɗebo mata dawa. Ƙashin cinyarta ya karye can sama, mai ɗorin Ba'awa ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. A bayan motar gyaɗa aka kai ta asibitin birni, aka yi mata aiki, aka dawo mana da ita kwance. Likita ya ja kunnen maigidana cewa idan ba ta ci sosai ba ƙashin ba zai kama ba, kuma ita da taka ƙasa har abada.

Inna ba ta haifi mace ba, ni ce kuma matar babban ɗanta, sai jinyar ta faɗo kaina. Na zage damtse. Romon ƙashi, ƙwan zabi, kunun gyaɗa, wake da zogale, madarar da Fulanin bayan gari ke kawowa da ɗuminta. Sai ta yi loma biyu ta rufe kwano, ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ko ruwa sai dai ta jiƙa leɓe.

Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da ake aiko yara roƙon miyata, a ce tsohuwa tana maido mini kwano kamar na dafa ƙasa? Na canza daddawa, na rage yaji, har kwanon na canza. Ita kuwa sai ramewa take, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Daga baya fushin ya koma tsoro.

Ana haka sai taubashiyarta ta zo dubiya daga Dangora, 'yar kawunta ce, abokiyar wasanta tun ƙuruciya, mace mai baki kamar reza. Tun daga ƙofa ta fara: "Ɓarauniyar dawa, an ce rumbu ya kama ki." Ta dubi kwanon, ta leƙa ƙarƙashin gado inda muke ajiye kaskon da Inna ke biyan buƙata a ciki, ta gan shi a bushe. Sai ta biyo ni madafi.

"Wa ke sa mata kasko?"

Na ce ni ce, kuma duk lokacin sai ta rufe fuska da zane.

"To shi ne. Ba shigar abincin take tsoro ba, 'yar nan, fitarsa take tsoro. Mace ta tsufa da mutuncinta, yau surukarta ke ɗaga mata zane? Ta gwammace yunwa ta kashe ta."

Ina ta faɗa da daddawa, ashe kunyata ce ke cinye ta.

Baiwar Allah nan ba ta koma gida ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin, ta bar awakinta a hannun maƙwabta. Kwano ɗaya suke ci, tana cewa, "Ci, ni zan kwashe. Me ya rage ban gani ba tun muna wanka a rafi?" Inna ta zage ta, ta kuma kai loma. Ba da jimawa ba kumatu suka dawo, ta fara zama da kanta. Har yau ba na sallame salla ban sa matar nan a addu'a ba, Allah Ya jiƙanta.

Inna ba ta kai ga miƙewa ba aka aiko wa taubashiyar cewa 'yarta ta haihu, dole ta tafi. Tana ɗaure kayanta ta dubi Inna, ta nuna ni, ta ce, "Haihuwar yarinyar nan ta biyu, wa ya yi mata wankan jego? Ke ce. Kin ga nata, ba ta mutu ba."



Washegari na kai tuwo da romo, na fito na zauna a bakin ƙofa. Ba na son leƙawa. Can na ji tana kankare gindin kwano. Da la'asar ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta kwanta: "'Yata, zo da kaskon nan."

Na shiga, na same ta tana kallona, fuskarta a buɗe.