Kawu Mika da Ƙararrawar Coci

Kawu Mika ya yi damben zamani a soja, har ya riƙe kambun ajin da ke bin na manyan masu nauyi. Dukan da ya sha a ka ne ya dawo da shi Zuru. In ya ji ƙararrawa sai ya ɗauka an fara dambe, shi ya sa cocinmu ya koma buga ganga.

Sabon fasto bai sani ba. Ranar Lahadin da na dawo daga jami'a aka kaɗa ƙararrawa. Kawu ya dunƙule hannu ya nufo ni, bai gane ni ba.

Matarsa Rachel ta jefa ɗankwalinta tsakaninmu, yadda ake jefa tawul a tsayar da dambe.

Ya sauke hannu yana haki. "Haba Rachel, ai ban faɗi ba tukuna."