Ranar da Aka Ba da Oda a Kan Ɗana

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na saci ɗana daga gadon asibiti a Malumfashi ba. Yanzu yaron har ya shiga firamare, amma in na ji an ce "oda", sai gabana ya ɗan faɗi tukuna kafin in yi dariya.

Ni ban yi nisa a boko ba. A ƙauyenmu, can bayan Dandume, oda kalmar tashin hankali ce. An ba da oda a rufe kasuwa. An ba da oda kada a hau babur. Wata rana da hantsi wasu masu kaki suka zo da mota suka ɗauki yayana a bakin gona. Innarmu ta riƙe ƙafar ɗayansu tana roƙo, ya ce mata, "Iya, sake ni, oda ce daga sama." Sai bayan an yanke dawa yayana ya dawo, ba a same shi da laifin komai ba, yana ɗingishi. To ni iyakar sanina ke nan: in an ba da oda a kan mutum, mota za ta zo, kuma roƙo ba ya aiki.

Aure ya kai ni kusa da Dayi. A daminar da ɗana na fari ya fara tafiya, zazzaɓi ya kama shi. Ya daina cin abinci, ya daina ko kuka. Tafin hannunsa ya yi fari fat kamar an wanke. Muka kai shi asibiti, likita ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba, ya ce jini ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa. Aka gwada na maigidana, bai dace ba. Ni kuma aka ce ina da ƙaramin ciki, ba za a ɗiba ba. Sai maigidan ya ce bari ya koma gida ya kwaso ƙannensa a gwada su. Ya tafi da wayarmu, ya bar ni ni kaɗai.

Wajen azahar ina zaune ina kore wa yaron ƙuda, sai na ji wata nas doguwa, wadda kowa ke kira Sista, tana magana da abokiyar aikinta a bakin ƙofa. Rabi Turanci, rabi Hausa. Na kasa kunne.

"Yaron gadon ƙarshen nan fa?"

"Ai likita ya riga ya ba da oda a kansa. Mota muke jira daga Funtuwa."

"Uwar ta sani?"

"Bar ta tukuna, kada ta rikice mana."

Gadon ƙarshe namu ne. Oda. Mota. Kuma kada a gaya mini. Da safe Sistar nan ta yi mini faɗa a kan me ya sa muka bari yaro ya kai haka, sai na haɗa wannan da wancan: sun ga ban iya riƙo ba, za su ƙwace shi. Yanzu in na tuna nakan ce, me ya hana ni tashi in tambaya? Amma na ga innarmu ta buɗe baki ta yi roƙo, na ga abin da ta samu.

Ruwan da ake ƙara masa ya riga ya ƙare, an cire robar, saura allurar da aka manne masa a bayan hannu. Na jira suka shiga wani ɗaki. Na ɗauke shi, ba nauyi, kamar zane na ɗauka. Na goya shi, na sako hijabi ya rufe shi ruf. Na bar kwanukana da tabarma don a zaci ina nan kusa. Na bi baranda ina tafiya a hankali. Maigadi ya dube ni, na sunkuyar da kai na wuce.

A waje hadari ya haɗu. Na tsaya kusa da rumfar wata mai sayar da abinci ina neman Keke. Matar 'yar kudu ce, da gicciye a wuyanta, amma Hausar bakinta ta fi tawa. Sai wani direba da ke zaune a benci ya buga cokali a tebur.

"Madam, ina odata ne? Tun ɗazu na ba da oda, ko sai na mutu?"

"Malam, in ka mutu wa zai cinye? Odarka na kan wuta, sassauta!"

Mutane suka yi dariya. Ni kuwa na ce a raina, mutum da bakinsa yana neman odarsa? Na ga ta zubo shinkafa da wake ta dire masa, ta ce, "Ga odarka, sarkin gaggawa."

Ban san lokacin da na matsa ba. Na ce, "Mama, don Allah, mene ne oda?"

Ta dube ni za ta yi wasa, sai ta ga ba da wasa nake ba. Ta ce, "'Yata, me kika goyo haka a rufe?" Ta ɗaga hijabin, ta ga allurar, ta ga kan yaron ya langaɓe. Ta saki ludayi. Na gaya mata abin da na ji, hawaye na zuba.

"Wayyo Allah! Oda ai ba ɗaya ba ce! Akwai ta soja, akwai ta kotu, akwai wadda ake aikawa a kawo kaya. Ni kaina odar manja nake yi. Me suka ce yaron yana buƙata?"

Na ce, "Jini."

"To jinin suka aika a kawo! Taho!"

Ta fizgi hannuna, ta bar tukunya a buɗe, direban na kiran "Madam, nama fa?" Muna shiga asibitin, ruwa ya sauko. Muka tarar da Sista a baranda tana leƙa ɗakuna, fuskarta ba kyan gani. Ta kwance yaron daga bayana da kanta, mai abincin na gaya mata abin da na zata.

"Ke! Ina za ki kai shi? Jini muka yi oda, irin nasa babu a nan. Na ce kada a gaya miki ne don kada ki sa rai motar ta makara!" Ta kwantar da shi, ta taɓa wuyansa, ta daɗe tana neman bugun jininsa. Can ta ce, "Yana nan." Ta nuna mini kujera. "Zauna. Wannan ita ce oda irin wadda kika sani. In kika motsa, ni da ke ne."

Na zauna. Ban taɓa jin daɗin bin oda irin na ranar ba. Kafin la'asar mota ta iso, wani ya shigo a jiƙe rungume da 'yar kula da jinin a ciki, aka ɗaura wa yaron. Na zuba wa robar ido, jan abu yana gangarawa ɗigo-ɗigo. Kafin maigidana ya iso da ƙannensa, leɓen yaron ya fara ja, har ya buɗe baki ya yi kuka. Na yi ta godiya ga Allah da kukan nan.

Da na samu Keke a lokacin da na fito, da a hanya zan sauke gawa, ina ganin ceton sa na yi. Tun ranar na koyi cewa tsoro yana iya fassara mini magana, kuma ƙarya yake fassarawa. Yanzu ko a gaban wa nake, in na ji kalmar da ta shafi 'ya'yana, sai na ce, "Ranka ya daɗe, dakata, wace iri kake nufi?" An sha yi mini dariya. Ba komai. Ɗana yana raye, shi ma yana dariyar.